Agwagwa: Bakinta, Ruwanta da Makwancinta

Ƴan makarantar yaƙi da jahilci, maza da mata, barkanku da war haka. Ina gaida na Damagaram Takaya, da na Gidimuni, da Mazamni, da Wame, da Albarkaram. Ina gaida waɗanda suka taru gaban akwatin rediyo tare da malaminsu, da waɗanda za su karanta wannan magana a takarda daga baya. Ku jawo allo kusa, ko littafin rubutu, domin akwai lissafi a gaba.

Yau zancenmu na agwagwa ne. Ku fara rubuta sunanta. Gaɓa uku ne: a, gwa, gwa. In suna da yawa, agwagi. Namijin kuwa, toro.

Kusan kowane gida akwai kaji, amma ba kowane gida ke da agwagwa ba. Inda take, galibi ta uwar gida ce, ko ta yaro. Kaka ta ba jikanta ɗan agwagwa, ya riƙa yawo da shi, ya sa masa suna, har ya so ya kwana da shi a ɗaki. Wannan abu ne mai kyau, yaro yana koyon tausayi da kula da dukiya. Kuma dukiyar ce. Agwagwa ɗaya takan yi ƙwai 10 zuwa 15 kafin ta kwanta a kansu, kuma takan yi haka sau 2 ko sau 3 a shekara. Toron da ya ƙoshi yakan kai kilo 3 ko 4, ya ninka zakara. In rashin lafiya ta zo, ko sallah ta matso, ko ana neman kuɗin littafin ɗan makaranta, shi ake kamawa a kai kasuwa. To, amma ku tambayi masu kiwo. Sau nawa agwagwa ta fito da ƴaƴa 12, bayan wata guda aka duba saura 3? Yawancin wannan hasara ba ƙaddarar da ba ta da magani ba ce. Daga baki take farawa, da ruwa, da wurin kwana.

Agwagwar da muke kiwo, mai jan nama a fuska, wadda ba ta kuka sai huci, asalinta ba ta nan ba ce. Daga ƙasashen Amurka ta Kudu da ta Tsakiya take, wajen Barazil da Meziko. Jiragen ruwan Turawa ne suka kawo ta gaɓar Afirka bayan shekara ta 1500, ta bi fatake har ta iso mu. A can dajinsu bisa itace take kwana. Shi ya sa take da farce mai kaifi, shi ya sa kuma kuke ganin macen ta tashi ta hau katanga. Ba ta damu da iyo kamar sauran agwagi ba. Wannan sa'a ce gare mu, mu da muka san wahalar ruwa a Damagaram. Jan naman nan na fuska kuwa halittarta ce. Ba ƙurji ba ne, kada wanda ya sa masa magani. Na toro ya fi na mace yawa, kuma yana ƙaruwa da shekaru.

Yanzu mu zo ga baki. In akwai agwagwa a gidanku, gobe da safe ku kama ta a hankali, ku haɗa fukafukanta a jikinta, ku yi hattara da farce, ku duba bakin da kyau.

Za ku ga faɗi gare shi kamar cokali. A can ƙarshe akwai wani ɗan abu mai tauri kamar farcen mutum. Da shi take tsinke ciyawa, take tono. In kuka buɗe bakin kaɗan, za ku ga wasu ƙananan tsage-tsage jere a gefe, sama da ƙasa, kamar bakin mataji. Waɗansu na ce musu haƙora. Agwagwa ba ta da haƙori. Waɗannan rariya ce. Takan ɗebi ruwa da laka, ta tura su waje da harshe, abinci ya maƙale a ciki. Abin da kuke ji ke nan in tana caɓal-caɓal a kasko. Niƙa kuwa a ƙundu ake yin ta, da taimakon ƴan tsakuwa da take haɗiya. Saboda haka agwagwar da aka tsare wuri guda, a ajiye mata yashi mai tsakuwa.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Bakin agwagwa ba kamar ƙahon saniya yake ba. Ƙashi ne a ciki, an lulluɓe shi da fata mai rai, da jini, da jijiyoyi masu yawa. Da baki take ji, kamar yadda kuke ji da kan yatsa. Cikin laka, inda ido ba ya gani, da baki take bambanta tsutsa da tsinke. Watau bakin nan shi ne hannunta, shi ne cokalinta, shi ne matajinta. To, ku auna da kanku abin da ake yi mata in aka yanke shi da wuƙa, ko aka ƙona shi da wuta, wai don tana shan ƙwai ko tana cizon ƴan tsaki. Ciwo ne mai tsanani. Ƙashin da aka yanke ba ya sake tsirowa. Agwagwar da aka yi wa haka ba ta iya tace abinci, ba ta iya gyara gashinta, sai ta rame. In toro yana damun ƴan tsaki, a raba musu wuri. In yana shan ƙwai, a riƙa kwashe ƙwan da wuri, a kuma daka ɓawon ƙwai da aka gasa a zuba musu cikin abinci. In ya ƙi bari, tukunya tana nan, kasuwa tana nan. Ko wanne ya fi yanke baki.

A saman baki, kusa da fuska, akwai ƙofofin hanci guda biyu. Nan ne matsala ta fi yawa. Agwagwa tana cin dusa, tana tonon ƙasa, ga ƙurar hunturu. Duk wannan yana shiga hanci. Kaza takan share da ƙafa. Agwagwa kuwa takan tsoma kai duka cikin ruwa, ta huro iska ta hanci, dattin ya fita. Da wannan tsomawar take wanke idanunta. In ruwan da aka ba ta bai kai zurfin da kai zai nutse ba, hanci ya toshe. Sai ku ga tana buɗe baki tana numfashi, tana atishawa, ido yana kumfa, har ya like. Mai ita ya ce an yi mata baki, ko iska ta buge ta. Alhali kasko ne bai da zurfi.

In kun ga hanci ya toshe, ku jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, ku ɗora a wurin har dattin ya yi laushi, sa'an nan ku share a hankali. Kada ku sa tsinke, ko allura, ko ashana. Waɗanda agwaginsu ke zuwa tafki, kamar mutanen Gidimuni, su ƙara lura da abu guda: matsattsaku yakan shiga hancin agwagwa ya maƙale yana shan jini. Alamarsa ita ce yawan girgiza kai, da sosa hanci da ƙafa, wani lokaci da ɗan jini. Kada a fizge shi da ƙarfi. A ɗiga masa ruwan gishiri kaɗan, zai saki da kansa, sa'an nan a ba ta ruwa mai kyau ta wanke.

Abin da ya fi yi wa bakin agwagwa rauni a gidajenmu, mu ne muke zubar da shi. Gwangwanin tumatir da na kifi da aka buɗe da wuƙa, bakinsa kamar aska yake. Agwagwa ta zura baki neman abin da ya saura, ta fito da jini. Sai fasasshen kwalba, da guntun waya, da ƙugiyar kamun kifi. Sai zare da roba, waɗanda kan naɗe harshe ko leɓen ƙasa, su yi ta cin nama a hankali ba wanda ya lura. Duk abin da ke ƙyalli agwagwa tana so ta haɗiye, har ƙusa. Share tsakar gida magani ne da ba a saya.

In raunin ya riga ya faru, ga abin yi. A tafasa ruwa lita ɗaya, a sa gishiri ƙaramin cokali biyu, a bari ya huce. A wanke wurin da shi. In jini yana zuba, a danne da tsumma mai tsabta, a riƙe har ya tsaya. Kada a sa toka, ko baƙin mai na mota, ko kananzir. A ware ta daga sauran, domin in suka ga jini za su yi ta tsattsaga. A ba ta abinci mai ruwa-ruwa, kamar kunu mai kauri, har kwana bakwai ko goma. Ƙaramin tsagewa a fatar sama yakan warke da kansa. Amma in bakin ya karye har ƙashi, ko na sama da na ƙasa ba su haɗuwa, a nemi malamin dabbobi. In ya ce ba ta iya ci, a yanka ta tun tana da nama, kada a bar ta yunwa ta kashe ta.

Ku riƙa duba launin baki kuma. Wata bakinta ja-ja ne, wata baƙi, wata da ɗigo-ɗigo. Duk daidai ne, in dai haka take tun farko. Abin lura shi ne canji. Baki da fuska su yi fari fat, alamar ƙarancin jini ce, ko tsutsar ciki, ko yunwa. Bakin ɗan agwagwa ya yi laushi yana lanƙwasuwa kamar roba, ƙafafu ma ba ƙarfi, wannan ƙashi ne bai samu abin gina shi ba. Irin wannan ya fi samun waɗanda aka kulle a ɗaki mai duhu, ba su ganin rana. Baki da fuska su yi shuɗi-shuɗi, ko kai ya kumbura, wannan kuwa babbar magana ce, za mu zo kanta.

Ruwa. Na san abin da wata za ta ce: Malam, mu da muke bin layin famfo tun asuba, ina muka ga ruwan wankan agwagwa? Gaskiyarki, baiwar Allah. Amma ba tafki nake nema ba. Kasko nake nema, ko tsohon kwano, mai zurfin da kanta zai nutse har ido. Ku auna da hannu: daga kan dogon yatsa zuwa tsakiyar tafi, wajen santimita 12. Babbar agwagwa tana shan kamar rabin lita a yini, da bazara fiye da haka. A sauya ruwan safe da yamma. Wanda aka zubar a kai shi gindin zogale ko shukar kabewa, taki ne. In hali ya yi, sau biyu a mako a zuba mata ruwa a babban daro ta yi wanka. A gindin wutsiyarta akwai wani ɗan ƙullutu mai fitar da mai. Bayan wanka takan ɗebo man nan da baki ta shafe gashinta duka, shi ke hana ruwa ratsa ta. Kun ga aikin baki ya sake fitowa.

Ruwan wanki mai sabulu ba nata ba ne. Ruwan da aka jiƙa kanwa, ko mai gishiri da yawa, ba nata ba ne. A kuma hana ta kwatar da ruwa ya kwanta yana wari, musamman in akwai mushe a ciki. Tsutsar da ke fita daga mushe takan ɗauki wata guba. Agwagwa ta ci, sai ƙafa ta mutu, fiffike ya saki, wuya ya lanƙwashe ba ta iya ɗaga kai. Mushen kaza, ko na ɓera, a binne shi da zurfi tun ranar.

Kullum in za a ba ta abinci, ruwa ya kasance kusa. Agwagwa takan ci loma biyu ta kurɓi ruwa. Busasshiyar dusa ba ruwa tana iya shaƙe ta. Gara a yayyafa wa dusar ruwa ta yi danshi, amma kada ta yi kauri kamar ƙullu, domin irin wannan ke manne wa hanci. A dama abin da za su cinye yanzu. Wanda ya kwana ya yi tsami, a zubar.

Abincinta ba wuya. Dusar gero ko ta dawa, da tsaki, da sauran tuwo wanda bai lalace ba. A haɗa da ganye: zogale, rama, ganyen salati da ya saura a garka. Ita da kanta tana kama fara, da gara, da tsutsar sauro, da ƙuda. A ƙasar Kanada, wajen 1990, masana sun gwada irin wannan agwagwa tamu a garken shanu, suka tarar ta fi tarkon ƙuda kama ƙuda nesa ba kusa ba. Ƴaƴan kuwa suna girma da sauri, dusa kaɗai ba ta isar su. In ba su samun ganye da ƙwari, sai ku ga ƙafafu sun gwame, suna tafiya suna zama. A haƙo musu gara, a daka musu ƙanzon busasshen kifi, a yanka musu ganye ƙanana.

A nan sai na ja kunnenku a kan gyaɗa, tun da ƙasarmu ƙasar gyaɗa ce. Tunkuza da ƙuli-ƙuli abinci ne mai gina jiki, agwagi suna son su. Amma gyaɗar da ta sha danshi ta yi fumfuna tana da guba, sunanta afalatoksin. Ga yadda aka gano ta. A shekara ta 1960, a Ingila, talo-talo fiye da 100,000 suka mutu cikin ƴan watanni. Aka yi ta bincike, aka tarar tunkuzar gyaɗa ce da aka kawo daga Barazil, mai fumfuna. Da masana suka ci gaba da gwaji, sai suka ga duk cikin tsuntsayen gida ba wanda gubar nan ta fi saurin kashewa kamar ɗan agwagwa. Har da shi suka riƙa auna ko abinci yana da ita. Hanta take ci. Dahuwa ba ta kashe ta, suya ba ta kashe ta. To, mu me muka saba yi? In an tsince gyaɗa, mai kyau a kai kasuwa, ruɓaɓɓiya a watsa wa kaji da agwagi. Hatsin gindin rumbu da ya yi baƙi, shi ma a ba su. Abin da kaza za ta ci ta yi ƴar rama, ɗan agwagwa in ya ci sai ya mutu. Duk abin da ya canja launi, ko yake warin danshi, ko yake da ɗaci, a binne shi. Kuma kada a ba yara, domin hantar mutum ma ba ta tsira ba.

Yanzu maganar kwana a ɗaki. Dalilin masu shigar da agwagi ɗaki sananne ne. Akwai muzuru, akwai gafiya, akwai maciji, akwai kare, akwai kuma ɓarawo mai ƙafa biyu. Da sanyin hunturu ana tausayin ƙanana. Yaro kuma yana kuka, shi dai a bar masa abinsa kusa da tabarma. A Turai da Amurka ma akwai masu ajiye agwagwa cikin ɗaki don sha'awa, har suna ɗaura mata ƙyalle kamar jariri, suna sauyawa sau da yawa a yini. Me ya kai su ga ƙyalle? Domin agwagwa ba ta iya riƙe kashi. Ba a koya mata kamar yadda ake koya wa kyanwa. Inda ya zo mata nan take yi, dare da rana, kuma mai ruwa ne.

Kashin nan a ɗaki rufaffe yana tada wari mai yaji, mai cin ido da ƙirji, nata da naku. Yana kuma ɗauke da ƙwayoyin cuta masu sa zawo da zazzaɓi, ko da ita agwagwar lafiyarta lau. Wa ke rarrafe a ƙasa, ya sa hannu a baki? Jariri. Yaron da bai kai shekara 5 ba, da tsoho, da mai ciki, su ne cutar ta fi kayarwa. Ita ma agwagwar ɗaki bai karɓe ta ba. Daɓen siminti yana cin tafin ƙafarta har ya yi ƙurji. Rashin rana yana raunana ƙashinta. Kuma tsuntsuwar garke ce, in ita kaɗai ce sai ta yi ta damuwa. Wanda zai ba yaro, ya ba shi biyu.

Akwai dalilin da ya fi duk waɗannan, kuma a jiharmu aka gan shi. Manya cikinku sun tuna shekara ta 2006. Ranar 8 ga watan Fabrairu aka ba da sanarwar murar tsuntsaye ta ɓulla a wata gonar kaji a Jaji, cikin jihar Kaduna a Nijeriya. Wannan ne karo na farko da aka tabbatar da irin wannan mai tsanani, mai suna H5N1, a tsuntsayen gida a Afirka. Kafin watan ya ƙare aka tabbatar da ita a Nijar. A ina? A Magarya, kudu da birnin Damagaram. A jikin me aka same ta? A jikin agwagin gida. Aka hana cinikin kaji a yankin, aka bi gida-gida aka karkashe tsuntsaye, mata da yawa suka wayi gari akurki wayam. A farkon 2007 cutar ta kashe wata mata a Legas. Bayan nan ma ta sake dawowa ƙasashenmu fiye da sau ɗaya. Ba ta cika kama mutum ba, amma in ta kama tana kisa, kuma wanda ta fi kamawa shi ne mai cuɗanya da tsuntsu marar lafiya: mai kwana da shi, mai fige shi, mai yanka shi.

Me ya sa agwagwa ta fi shiga wannan zance? Domin takan ɗauki cutar ta yi kwanaki tana yawo ba alama, tana zuba ta cikin kashi da ruwan kasko, kaji su sha su mutu. Haka take yi da annobar nan ta kaji da ke zuwa da hunturu: kaji su ƙare, ita tana tsaye. Ga kuma tafki. Tafkin Gidimuni da na Lasuri matattarar tsuntsayen ruwa ne, har an sa su cikin jerin wuraren ruwa da duniya ta yarda a kiyaye, Lasuri a 2005, Gidimuni a 2019. Akwai kirinjijiya, wadda take tamu ce ta nan. Akwai kuma ƙananan agwagin daji da ke tasowa daga Turai da Rasha bayan damina, su yi sanyi a nan, su koma kafin bazara ta yi ƙarfi. Baƙi ne, ba a ce a kashe su ba, kuma ciniki ya fi su yaɗa cutar. Amma agwagwar da ta yini tare da su a ruwa, ba ta kamata ta kwana inda yara ke kwana ba.

Saboda haka a yi mata nata wuri. Ba sai an kashe kuɗi ba. Akurki na laka, ko na kara da aka yaɓe, a gefen gida, nesa da madafa da randar ruwan sha. A bar ƙananan tagogi a sama don iska, ƙanana yadda muzuru ba zai shiga ba. A yi ƙofa mai rufuwa gam, ɓarawo ma ya ji kunya. Wuri mai taki ɗaya a tsaye, taki ɗaya a kwance, ya ishi manya 3. A shimfiɗa yashi, a bi da ƙaiƙayi busasshe. In ya jiƙe a kwashe a kai gona. Kada a sa kaskon ruwa a ciki da dare, za su mai da wurin taɓo. Na kaji daban, na agwagi daban, kasko ma daban. In mace tana tsallake katanga, a rage dogayen gashin fiffike ɗaya da almakashi, gashin kawai, ba a taɓa nama ba. Wadda aka sayo sabuwa daga kasuwa, a ware ta mako 2 kafin ta shiga cikin sauran. Araha a kasuwar kaji lokacin annoba, ku yi tsoronta.

Ƙanana fa, da sanyin dare? In uwarsu tana nan, ita ce bargonsu. In babu uwa, a sa su cikin kwando da tsumma, a rufe da buhu a bar kafar iska, a ajiye a zaure ko ɗakin ajiya. Mako 3 na farko ne suke bukatar haka. Da rana a fito da su su sha hantsi, ƙarƙashin kwando mai ido saboda shirwa. Ruwansu a faranti marar zurfi, a jera tsakuwa a ciki, yadda baki zai shiga amma jiki ba zai jiƙe ba. Kada ku ce ai ɗan agwagwa ne, ya iya ruwa. Wanda ba ya tare da uwa bai da man da ke kare gashi. In ya faɗa daro sai ya jiƙe sharkaf, sanyi ya kama shi, ko ya kasa fita ya nutse. Yaro ya yi wasa da abinsa a tsakar gida, ba a hana shi ba. Amma ban da sumbata, ban da ci da hannun da ya taɓa ta. A wanke hannu da sabulu.

In kuka wayi gari kuka ga tsuntsaye biyu, uku, sun mutu dare ɗaya, ko kai ya kumbura, fuska ta yi shuɗi, ko agwagwa tana juya wuya tana zagaya wuri guda, to, kada ku yanka, kada ku fige, kada ku kai sauran kasuwa. Kada ku ɓata kuɗi wajen kafso na ƴan tebur, ba ya yi wa wannan cuta kome. Ku sa leda a hannu ku ɗauki mushen, ku binne da zurfi inda kare ba zai tono ba. Sa'an nan ku gaya wa mai gari da ma'aikacin kiwo na gundumarku a ranar. A nan ne karatunku zai yi aiki. Ku rubuta a takarda: rana kaza, guda nawa suka mutu, kaji ne ko agwagi, me kuka gani a jikinsu, yaushe kuka sayo sabuwa, daga wace kasuwa. Ma'aikacin da aka miƙa wa irin wannan takarda ya san inda zai fara.

To, ga lissafin da na ce muku. Kaza tana kwanci kwana 21, watau mako 3. Ƙwan zabuwa yana ɗaukar wajen mako 4. Agwagwar gida kuwa kwana 35, mako 5 cif. Ku rubuta: kaza 3, zabuwa 4, agwagwa 5. Ƙwai da yawa an zubar da su don rashin sanin wannan. Mai shi ya ga mako 4 ya wuce shiru, ya ce sun lalace, ya fasa, sai ga ɗa a ciki da ransa. In agwagwa ta fara kwanci ran Alhamis, ranar babbar kasuwar Damagaram, ku ƙirga Alhamis biyar. A ƙara mata kwana biyu ko uku na uzuri. Cikin wannan lokaci a ajiye mata abinci da ruwa kusa. In ta fita ta yi wanka ta koma kan ƙwai da danshi a jikinta, kada a hana ta, danshin nan yana taimakon ɗa wajen fasa ɓawo. Toro ɗaya ya ishi mata 4 ko 5. In toraye sun yi yawa sai faɗa, su dami masu kwanci.

Ga aikin da za ku kai wa malaminku. Agwagwa ta fara kwanci ranar 3 ga watan Maris. Watan Maris kwana 31 ne. Wace rana za a sa ran ƙyanƙyasa, kuma cikin wane wata? Na biyu: ku rubuta kalmomi huɗu daga maganar yau, biyu masu ƙ mai ƙugiya, kamar ƙundu, biyu masu k marar ƙugiya, kamar kasko. Na uku ba na allo ba ne. Gobe da safe kowa ya tsoma hannu cikin kaskon agwaginsa, ya ga ko ruwan ya kai tsakiyar tafi.

Sai mako mai zuwa war haka, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.